Awon Haske a Turke na Biyu

Ƙarfe bakwai na safe, sama tas babu gajimare ko ɗaya, sanyi kuwa har cikin haƙori. A kan dutsen Nemangkawi irin wannan safiya ba ta wuce ƙarfe goma. Daga nan hazo ya taso daga kwari ya rufe komai.

Ibu Sekar, mai binciken da nake wa aiki shekara huɗu ke nan, tana kwance a tanti, kanta na sarawa, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Gobe jirgi zai zo ya kwashe mu. Ta turo mini akwatin na'ura da ƙafa.

"Melki, kai za ka auna. Ka ga yadda nake yi ya fi a ƙirga. In bana ta wuce babu awo, ban sani ba ko baɗi za mu tarar da ƙanƙarar kan dutsen nan."

A aji shida na tsaya, amma aikin na san shi. Na'urar tana da ido a bakin sanda. Ka fara nuna mata farin faifai, wanda ba a taɓa shi da yatsa, sannan ka nuna mata ƙanƙara, ita kuma ta faɗi yawan hasken ranar da ƙanƙarar ta mayar sama. Farar ƙanƙara tana mayar da mai yawa. Mai datti shanyewa take yi, ta narke.

Kawu Tadiyus, ƙanen mahaifiyata, ya riga ni yin gaba da shebur don ya sassare mana matakala. Da na iso turken farko da muka kafa a ƙanƙara, inda muke awo kowace shekara, sai na tarar da shi yana haki yana murmushi. Ya kankare kewayen turken, faɗin tabarma uku, fari fat.

"Kawu, me ka yi?"

"Ga shi kana gani. Baƙin datti ko'ina, ni kuma na tofa yawun pinan, goron nan namu, a gefe, ja wur. Dutsen nan uwarmu ce. A kai labarinta Jakarta da fuska haka? Ko baƙo za ka yi ai ka share tsakar gida."

"Dattin suke son aunawa, Kawu."

"Su hau jirgi tun daga can don datti? Nasu ya ƙare ne?"

Ban iya yi masa faɗa ba. Na tsaya ina kallon wurin. In na auna nan, lamba mai kyau za ta fito, kuma ba wanda zai sani. Sai dai ba ita ce fuskar da rana ke duka kullum ba.

Akwai turke na biyu can sama, tafiyar minti arba'in. Agogo ya ce tara saura kwata. A kwari hazo ya fara motsi.

"Mu hau," na ce.

"Da wannan ƙirjin naka na kaza?"

Muka hau. Taku goma, in tsaya in nemi numfashi, in ƙara goma. Madaurin akwatin ya ci mini kafaɗa. Ban waiwayi kwari ba, don na san abin da zan gani.

Turke na biyu ya karkace, ƙanƙarar kewayensa toka-toka, ba ƙafar da ta taka ta. Na juya inuwata baya, na miƙa sandar.

"Kawu, rigarka ja ce, tana zuba ja a wurin. Matsa can."

"Yaron da na goya, yau shi ke korata," ya ce, amma ya matsa. Na lura kumatunsa sun cika tim. Yawun yake riƙewa, ya ƙi tofarwa.

Faifai, ƙanƙara. Faifai, ƙanƙara. Sau goma ake yi. Bayan na takwas bakin hazo ya taɓa rana, komai ya dushe. Na ƙi sauke hannu, ina ƙirge a zuci. Rana ta sake leƙowa. Tara. Goma.

Ashirin da uku cikin ɗari. Bara a nan talatin da ɗaya muka samu. Ba lamba ce mai daɗi ba, amma ita ce. Na ɗauko fensir in rubuta, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa.

Hazo ya rufe mu. Kawu ya tofa yawunsa a wani tsohon gwangwanin kifi da ke aljihunsa, ya zura hannu cikin riga, ya zaro gasasshen dankalin da ya ɓoye a jikinsa tun safe, da sauran ɗumi. Ya damƙa mini a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai, ya saɓi akwatin ya fara sauka.