Fulawar da Aka Sassare

Rahinatu ta sauka daga bensikin, wato acaɓa, a bakin lungunsu na New Bell, rungume da yadin da ta sayo a Marché Central. Tana shiga gidan hayar ta ga barandarta fayau. Fulawar da ta yi shekara huɗu tana yaɗo a jikin waya, tun daga bakin taga har ƙarƙashin kwanon rufi, an sassare ta gunduwa-gunduwa, an tara kusa da kwata.

Ita tela ce. Mijinta Ɗanlami direban babbar mota ne, yakan yi mako uku a hanyar arewa bai leƙo gida ba. Fulawar kuwa ɗan reshe ne da ƙanwarta ta tsinko mata daga ofishinsu. Ba ta fure, ba a cin ta, ganye ne kawai kore mai ɗigon rawaya. Amma a inuwarta take ajiye keken ɗinki, ita ke tare mata rana da idon masu wucewa.

"Wa ya yi wannan aiki?"

Maƙwabciyarta Mairama ce ta nuna ƙofar masu gida da haɓa. Sai ga Sirajuddeen ya fito, addar na hannunsa. Shi ke kula da 'yan haya tun rasuwar mahaifinsa.

"Ni ne, Madam Rahinatu. Sau biyu na yi miki magana. 'Yata ta kwana uku a asibiti da zazzaɓin sauro. Ba za a mayar mini da gida daji ba."

"Allah ya ba ta lafiya. Amma Malam Siraju, dubi kwatar da kake tsaye a kai. Tun farkon damina take toshe. Daga ganye sauron ke fitowa, ko daga nan?"

"Na gama magana. An jima za a kwashe."

Ta ajiye yadin, ta ɗauko baho, ta durƙusa a gabansa tana tsince rassan, tana karkaɗe musu taɓo. Ya tsaya yana kallonta har ya gaji ya koma ciki.

Ranar ba ta taɓa keke ba. Ta wanke almakashinta, ta zauna a ƙofar ɗaki inda kowa zai gan ta. Kowane reshe sai ta laluba gaɓarsa, wurin da ɗan ƙullutu mai ruwan ƙasa yake, ta yanka daga ƙasan gaɓar, ta cire ganyen gindi, ta bar ɗaya ko biyu a sama. Ta tattaro duk wata kwalba da ke ɗakin, har da ta man shafawa, ta cika da ruwa ta tsoma su.

"Wannan zai yi rai kuwa?" in ji Mairama.

"Ai da haka ake haifar ta. Ya ɗauka kashe ta ya yi."

Washegari Sirajuddeen zai tafi ofis, ya hango kwalaben jere a tagarta ta ciki. Ya dawo da baya.

"Yanzu kuma ruwa kike tara wa sauro?"

"Duk kwana biyu nake sake shi. Kuma a cikin ɗakina suke. In kana so, zo ka leƙa ko za ka ga tsutsa ɗaya."

Bai leƙa ba. Ya kira Ɗanlami a waya, Ɗanlami ya kira ta daga hanya yana cewa ta yi wa Allah ta ba shi haƙuri, ganye ne fa kawai. Ta ce, "Maigida, in ganye ne kawai, me ya kai shi da adda?"

Kwana goma sha biyu saiwoyi farare suka ɓullo, sirara kamar zare. Wasu rassan sun ruɓe, ta zubar. Da saiwar sauran ta kai tsawon yatsa, ta huda gwangwanayen tumatir da ƙusa, ta haɗa ƙasa da yashi da garin gawayi ta dasa. Mairama ta fara roƙon ɗaya, sai mai ƙosai ta ɗakin ƙarshe, sai matan lungun. Duk wadda ta tambaya, Rahinatu sai ta miƙa mata a tsakar gida, da rana tsaka.

Da labarin ya kai wa Sirajuddeen cewa har mahaifiyarsa, Inna Sabuwa, ta aika an karɓo mata gwangwani ɗaya, sai ya rubuto takarda da Faransanci: ƙarshen wata ta bar masa ɗakinsa.

Inna Sabuwa ta kira ta ɗakinta. "'Yar nan, kin san halin Siraju. Zafin ciwon yarinya ne. Ki ce masa ya yi haƙuri, ni zan yaga takardar."

Rahinatu ta sunkuyar da kai, domin tana ganin girman tsohuwar. Shekara bakwai ke nan suna gida ɗaya, Innar ce ma ta yi mata wankan jego.

"Inna, in na ba shi haƙuri, na yarda ke nan ni na sa wa jikarki ciwo. Ban sa mata ba."

Tsohuwar ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Ta sami ɗaki a Bonabéri, ƙetaren gada, bayan kasuwar Grand Hangar. Ya fi na dā ƙunci, ba baranda, kuma ta san yawancin masu kawo mata ɗinki ba za su tsallako gada ba. A cikin tasi ta yi kuka, gwangwani shida a cinyarta, biyu suka kife a ramin hanya.

Mai sabon gidan, wata Bafulatana mai suna Hadija, tana tsaye ana sauke kaya. Rahinatu ta ɗaga mata gwangwani ɗaya tun kafin a shigar da gado.

"Hajiya, kin ga wannan? Yaɗo take yi, kuma da ita na zo. In ba ki so, ki faɗa mini yanzu, mota ba ta tafi ba."

Hadija ta duƙa ta taɓa ganyen. "Ba ruwana da ganye. Kar dai a fasa mini bango."

Rahinatu ta yago ƙyalle daga ragowar yadi, ta ɗaura a ƙarfen taga don fulawar ta samu abin hawa, ta kira direban ya shigo da keken ɗinki.