Ruwan Ɓawon da Ta Dafa Masa

Tana cikin fere lemo a bakin titi direban wurin aikin mijinta ya tsaya, ko motar bai kashe ba. Ya ce maigidan ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin ɓeraye. Kafin su isa asibiti an riga an rufe masa fuska. Likita ya ce ciwon daji ne a hanji, ya daɗe yana cinsa, da an kawo shi wata shida baya da an san abin yi.

Wata shida. Ta san abin da aka yi a watannin nan, don da hannunta aka yi shi.

Shekara goma sha ɗaya yana kula da ɓerayen gwaji a wani ɗakin bincike, shi ne shara, shi ne ba su abinci. Shugabarsu, wadda kowa ke kira Dakta, tana gwada ruwan ɓawon 'ya'yan itace a kansu, kuma daga teburin matarsa yake kwasar ɓawon, na lemo daban, na mangwaro daban. Kullum da labarin da yake dawowa da shi. Wai cikin hanji kamar unguwa ne, akwai ƙananan halittu na kirki, akwai 'yan iska, ɓawo kuwa na kirkin yake ciyarwa. Wai jikin mutum ma yana tsatsa kamar tsohon kwano, ɓawo ke hana shi. Takan ce to likitan ɓeraye, a wanke hannu a ci abinci.

Da cikinsa ya fara murɗa, ya ce ina amfanin bin layin asibiti ga magani a kwandon shara. Ta riƙa dafa masa ɓawon safe da yamma. Ya rame har ya ƙara huda bel ɗinsa da ƙusa sau biyu, ya ce 'yan iskan ne ke fita. Ta yarda, don shi ke shiga cikin masu ilimi, ita lemo ta sani.

Bayan masu gaisuwa sun watse ta je wurin aikinsa karɓar kayansa. Ɗakin sanyi ƙalau, ɓeraye farare tas, kowanne da lamba a kejinsa. Ta tarar da Dakta ta ɗora ɗaya a sikeli tana rubutawa. Ta tambaye ta gaskiya, ruwan nan yana magani ko ba ya yi? Dakta ta sunkuyar da kai, ta ce a ɓera sun ga alama mai kyau, amma ba a gwada a mutum ba, kuma ba su taɓa cewa yana maganin daji ba. Da ya tambaye ta, da ta faɗa masa.

"Kullum kina auna ɓera," matar ta ce. "Shi ya zube a gabanki har wando ya ƙi zama, ba ki gani ba?"

Ba ta jira amsar Dakta ba, don ta san wadda ta fi kusa da wandon. Ta ɗauki takalmansa da kofin shayinsa ta fito.

Har yau tana sayar da lemo a wurin. Hannunta bai daina ware ɓawo ba, na lemo nan, na mangwaro can. Da yamma sai ta haɗa su a leda ɗaya, ta ƙulle bakin sau biyu, ta kai bola da kanta.