Bangon Ɗaki na Huɗu

Da gwamnatin lardi ta ce za ta mayar da tsohon kurkuku gidan tarihi, wani tsohon tela ya riga kowa zuwa kallo. A ɗaki na huɗu aka taɓa tsare shi wata goma sha ɗaya saboda zanga-zanga. Yana leƙawa ya tarar mai fenti ya tsoma buroshi, zai shafe bangon.

Ya daka masa tsawa, "Kai, sauke hannunka! Wannan ƙarce-ƙarcen ba datti ba ne. Kwanakinmu ne, da bakin cokali muka riƙa zana su."

Mai fenti ya ce, "Baba, ni aiki aka sa ni."

"To, ka fara shafe ni."

Tsoho ya jingina da bangon, ya ƙi gusawa, har aka kira shugabar sashen al'adu. Ta zo a fusace. Amma da ya nuna mata zanensa, da na abokinsa da ya rasu a ɗakin, wanda ya tsaya a kwana arba'in da uku, sai jikinta ya yi sanyi. Ta sa aka kwashe fentin, aka rufe bangon da gilashi.

Ranar buɗewa shi aka ba yankan ƙyalle. Ya ture almakashin gwamnati, ya zaro nasa. Sannan ya shiga ɗaki na huɗu, ya fito, ya koma, ya sake fitowa.

Jikarsa ta ce, "Kaka, mantuwa ka yi?"

Ya ce, "Ke dai bari, amarya. Fitowar nake ɗanɗanawa."