Allon da Ba Ya Magana

Saƙon ya shigo ne ranar Laraba da hantsi. Kwamfutar ta karanta wa Auta shi da muryar nan tata mai gudu, wadda duk gidan ba mai gane abin da take cewa sai ita. Daga ofis ne: daga ranar Litinin, duk na'urar da ba ta kan sabuwar manhaja ba za ta ƙara shiga rumbun aiki ba. Ta sa aka maimaita mata, sannan ta cire abin sauraro daga kunnenta.

Shekara goma sha biyu ke nan da Auta ta rasa ganinta, shida daga ciki tana wannan aiki. Masu bincike ne ke hira da mutane su naɗa, a turo mata, ta saurara ta mayar da hirar rubutu. A ɗakinta take yi, a kan wani teburi da ke jikin taga. Kwamfutar ta girmi aikin. Irin ta ɗorawa a cinya ce, mai nauyi kamar bulo, marfinta ba ya tsayuwa sai an tokare shi da littafi, batirinta kuwa in aka zare caja ba ya kai minti uku. Amma yatsun Auta sun san ta ciki da waje. Tuntuni ta ɗiga jan farce a kan wasu madannai, ya bushe ya zama alama, ta kuma daidaita muryar da ke mata karatu har ta zama kamar ta 'yar'uwa.

Ta kira injiniyan ofis. Ya tambaye ta lambar na'urar, ya duba, sannan ya ce za ta iya ɗaukar sabuwar manhajar, amma sai an sabunta bayos tukuna. Ya yi mata bayani cewa bayos wata 'yar manhaja ce da ke zaune can cikin na'urar, ita ke farkawa kafin komai ya farka. In an sabunta ta, sai a shiga a kunna wani makullin tsaro, shi ke nan. Sai dai ya gargaɗe ta: in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, kwamfutar ta tashi daga aiki har abada, sai dai ta riƙa danne takardu da ita. Shi kuma yana kan tafiya, sai bayan mako biyu. Ya ba ta shawara ta kai wa masu gyara.

Wannan kam ba za ta yi ba. Hirarrakin da ke ciki na sirri ne, ta sa hannu cewa ba wanda zai ji su. Kuma karon da ta taɓa kai ta shago, mai gyaran ya ga manhajar muryar bai san ko ta mece ce ba, ya goge ta don wai ya rage wa na'urar nauyi. Kwana tara ta yi kafin ta dawo daidai.

Alhamis da Juma'a ta yi su ne tana shiri. Ta kwafe aikinta a wuri biyu, ta sauko da sabon bayos ta zuba a filashi, ta haddace matakan kamar karatun jarrabawa: kibiyar dama sau uku, ƙasa sau biyu, a danna. Matsala ɗaya ce ta hana ta sukuni. Muryar da ke mata karatu ba ta tashi sai babbar manhaja ta tashi, allon bayos kuwa kafin nan yake. Ba ya magana. Ta gwada ɗora masa wayarta, wadda ke iya karanta rubutu da kamara, wayar ta karanto kalmomin, amma ba ta faɗin wane layi ne aka haskaka, alhali shi ne abin da ake bukatar sani. Dole sai an ara mata ido.

Su uku ne a gidan tun rasuwar mahaifiyarsu. Yayarta ma'aikaciyar jinya ce, aikin ƙarshen mako ya faɗo kanta. Saura Baba, tsohon direban babbar mota, wanda ya yi shekara talatin da huɗu a kan titi, kuma har gobe yana alfahari cewa bai taɓa ɓatan hanya ba. Turancinsa na allon gefen titi ne, amma ya san haruffa. Da ta gaya masa, sai ya ce wannan ai ba komai ba ne, wanda ya sauke injin tirela ya mayar ba zai ji tsoron faranti mai madannai ba. Ta lura dai ya ɗan jinkirta kafin ya amsa, amma ta ɗauka shayi yake kurɓa.

Ranar Asabar da safe Baba ya fita wajen mai walda da ke maƙwabtaka da su, domin duk sa'ad da ya tayar da injinsa sai wutar layin ta yi ƙiftawa. Ya roƙe shi ya dakata zuwa ƙarfe goma sha ɗaya. Ya dawo yana dariya, ya ce mutumin ya tambaya ko tiyata za a yi a gidan, shi kuma ya ce masa kusan haka ne. Auta ba ta yi dariya ba. Ta riga ta shafa wayar cajar tun daga bango har jikin na'urar sau uku, ta kashe firji da fanka da duk abin da ke jan wuta da yawa.

Ya jawo kujera ya zauna a damanta. Ta ji ƙarar gidan tabarau ɗinsa, ta ji yana goge gilashin da bakin riga. Ta soka filashin, ta kunna, ta yi ta danna madannin da aka ce har Baba ya ce wani shuɗin allo ya fito.

Ta tambaye shi ko a sama akwai jerin kalmomi, ya ce akwai. Ko ta huɗun tana farawa da harafin T, ya ce haka ne. Ta bi lissafin da ta haddace, tana tambaya yana cewa e, har suka iso inda ake tambayar ko ta tabbata. Yatsanta ya tsaya a kan madannin. Baba ya ce ta yi bisimilla ta danna, ta danna.

Ya ce wani layi ya fito yana cika sannu a hankali, kamar ma'aunin mai. Ta ce ya riƙa gaya mata lambar da ke jiki. Ya ce ya kai kwata. Can ya ce ya kusa rabi. Fankar cikin na'urar ta fara gurnani irin wanda Auta ba ta taɓa ji ba, iska mai zafi tana busowa a bayan hannunta. A waje wata mota ta yi ham, wani ya buga ƙarfe a shagon mai walda. Ta kasa kunne tana jiran kukan injin, bai zo ba. Ta fara lissafin abin da za ta gaya wa ofis ranar Litinin, da sabuwar na'ura da sai ta yi watanni kafin yatsunta su saba da ita, da mutanen da za su ce dama me ya kai makauniya taɓa irin wannan.

Sai fankar ta yi tsit.

Baba ya ce allon ya yi baƙi ƙirin. Ta ji kujerarsa ta motsa, ta ji hannun rigarsa ya gogi nata yana miƙawa wajen madannin kunnawa. Ta cafke wuyan hannunsa da hannu biyu.

"Baba, kar ka taɓa."

"Ta mutu ne, Auta. Mota in ta mutu, kashe ta ake yi a sake tayarwa."

"Wannan in ka kashe ta yanzu ba za ta sake tashi ba. Don Allah ka bar hannunka a nan."

Ya bar shi. Ta ji jijiyar hannunsa tana bugawa, ko kuwa ta yatsunta ce, ba ta iya bambancewa ba. Ta yi ta ƙirge a zuci. Ta wuce sittin, ta wuce ɗari. Injiniyan bai gaya mata shirun zai yi tsawo haka ba. A ɗari da arba'in da wani abu fankar ta yi tari, ta tsaya, ta sake tashi. Baba ya sauke ajiyar zuciya ya ce haske ya dawo.

Saura kunna makullin tsaron. Ta sake shiga allon bayos, ta danna kibiyar dama sau biyu kamar yadda ta haddace don wannan matakin, ta tambaye shi ko ya ga kalma mai farawa da S. Ya ce ya gani. Ta danna ƙasa, na'urar ta yi wani ɗan ƙara, alamar babu inda za a je. Ta sake dannawa, ta sake yin ƙaran. Nan ta gane sabon bayos ɗin ya zo da nasa tsarin, abin da ta haddace ya tashi a banza. Ta ce wa Baba yanzu kam sai ya karanto mata layukan ɗaya bayan ɗaya, harafi harafi.

Ya yi gyaran murya. Ya ce na farkon kamar B ne, ko kuma R. Ta jira. Ta ji numfashinsa yana matsowa kusa da allon, yana ƙara matsowa, har goshinsa ya taɓa marfin, littafin da aka tokare shi da shi ya zame ya faɗi ƙasa. Ta yi sauri ta tare marfin da hannu.

"Baba," ta ce a hankali, "kana ganin rubutun nan kuwa?"

Da ya buɗe baki, muryarsa ta sauka ƙasa, ba irin wadda yake ba da labarin titi da ita ba. Ya ce tun bara abin ya fara, kamar an shafa wa gilashin mota man shafawa. Manyan abubuwa yana gani, launi yana gani, amma ƙananan rubutu sun narke masa. Takardar maganinsa ma mai kemis yake sa wa ya karanta masa. Duk e ɗin da ya yi ta ce mata tun safe, bin bakinta kawai yake yi.

"Kuma ka bar ni na danna?"

"Na ga kin san hanya. Na ce in na yi shiru za mu isa." Ya ja numfashi. "Ya zan ce miki ban gani, Auta? Gida ɗaya, mutum biyu ba ido? Yayarki da wanne za ta ji?"

Ranta ya ɓaci. Ta tuna yatsanta a kan madannin ɗazu, ba wanda ya karanta abin da ke allon. Ta kuma tuna kwanakin baya da ya zuba gishiri a shayi suka yi ta masa dariya, da yadda ya daina sayen jarida yana cewa duk ƙarya ce a ciki. Ita da ke jin motsin kowa a gidan, wannan ya wuce ta. Ta so ta yi magana, ta ga ba lokacinta ba ne. Allon yana buɗe, kuma ba ta san saura minti nawa mai walda ya gaji da jira ba.

Ta ce ya ɗauko littafin ya tokare marfin, ya yi. Ta tambaye shi ko yana iya ganin layin da aka haskaka, ya ce wannan kam ɓaro-ɓaro, fari ne a cikin shuɗi. Ko zai iya ƙirga shi daga sama? Ya ce zai iya. Sai ta ba shi wayarta ta ce ya riƙe ta saitin allon kar ya girgiza. Wayar ta karanto layukan a jere, Auta tana ƙirga su da yatsu. Abin da take nema shi ne na biyar a shafi na uku. Ta riƙa dannawa, Baba yana cewa na biyu, na uku, kin wuce, koma ɗaya. Sau biyu wayar ta goce daga saitin allon ta karanto shirme, suka sake daga farko. A karo na uku ta ji kalmar da take jira, ta kunna makullin, ta sa wayar ta maimaita don ta tabbata, sannan ta adana ta fita.

Na'urar ta mutu ta tashi. Bayan ɗan lokaci muryar nan mai gudu ta cika ɗakin tana neman kalmar sirri. Auta ta kifa goshinta a kan teburin. Ba a yi minti biyar ba injin mai walda ya ɗauki kuka, Baba ya ce ƙwan lantarkin ɗakin ya ƙifta.

Sauran aikin ba ya bukatar ido. Ta jira sai da mai walda ya rufe shago da la'asar, sannan ta sa sabuwar manhajar ta fara sauka, muryar tana gaya mata inda aka kai. Baba bai koma tsakar gida ba, ya zauna a bakin gadonta yana juya gidan tabarau a hannu. Can ya ce kar ta gaya wa yayarta.

Ta ce ba za ta gaya mata ba, shi zai gaya mata da bakinsa in ta dawo daga aiki, domin yayar ce ta san likitan idon da ya kamata a gani. Ya ce tsufa ne kawai, ba a maganin tsufa. Ta ce wannan likita ne zai faɗa, ba direba ba. Ya yi ta kawo dalilai, layin asibiti, da zafin rana, da wani abokinsa da aka yi wa aiki bai ji daɗi ba, tana sauraro tana shafa gefen na'urar ko ta yi zafi. Da dalilan suka ƙare masa sai ya ce to, amma ba ranar Litinin ba, domin Auta tana da aiki ranar.

"Talata ke nan," in ji ta.

Ya miƙe ya ce bari ya je ya kunna firjin kafin kayan ciki su lalace, ta ji yana tafiya a hankali yana bin bango da hannu har ya kai kicin.