Gwangwanin Saman Gada

Tun da aka sallamo Hajiya daga asibiti ba ta ƙara taka bakin ƙofar gida ba. Ciwon ya taɓa mata ɓarin hagu. Hannun ya dawo da sauƙi, ƙafar ce ta ƙi, sai an ja ta. Likitan gashin ƙashi ya ce maganin da ya rage ba a kwalba yake ba, tafiya ce, kullum, a waje inda akwai tudu da gangare. Ya kuma ja mijinta gefe ya gaya masa cewa ƙafar da ta saba da kujera ba ta cika dawowa ba.

Mijin nan Direba kowa ke ce masa, ko da yake ya daɗe da ajiye makullin babbar mota. Mutum ne da ya lallaɓa tsofaffin motoci suka hau tsaunuka da kaya niƙi-niƙi, amma matarsa ta gagare shi. Ita da ta ƙare ƙuruciyarta a tsaye cikin shagon yadi, muryarta na kaiwa ƙarshen layi, ta ce ba za ta fita ana nuna ta da baki ba, ana cewa ga Mai Yadi can tana share titi da ƙafa.

Autarsu ce ta kawo dabara ran da ta zo duba su. Ta sa wa uwar wani wasa a waya, mai sunan Turanci da Direba ya kasa juya harshe a kansa, sai ya raɗa masa farautar gwangwani. Wai mutane ne ke ɓoye ɗan gwangwani a wani lungu na gari, su sa alamar wurin a taswirar waya da ɗan bayani, wasu su je nema. Wanda ya samu ya rubuta sunansa a takardar ciki, ya ɗauki ɗan tarkace ɗaya ya bar wani, ya mayar da gwangwanin daidai inda ya same shi, kuma kada masu wucewa su gani. Hajiya ta ce lallai mutane sun ƙoshi. Amma ba ta hana Auta nuna mata yadda ake dubawa ba.

Direba ya ɗauki wayar washegari ya tafi tashar bas ta bakin layinsu, inda alamar farko take. Bai daɗe ba ya lalubo gwangwanin a ƙarƙashin benci. Ya mayar da shi, ya sayi ruwa ya sha, ya dawo gida da fuskar wanda aka yi wa fashi. Ya ce ƙarya ce kawai, babu komai a wurin, ya duba har ramin ɓera.

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. Ta tuna masa cewa tun aurensu bai taɓa gano ko hularsa da kansa ba.

“Miƙo min sandar nan,” in ji ta. “Da mayafina.”

Tafiyar da yaro zai yi kafin shayi ya huce, su sai da rana ta karkata. Ta zauna a bencin tana haki, ta zura hannu ta taɓo abin, amma ba ta ciro ba, saboda dokar nan ta masu wucewa. Ta zauna tana gadin idanun mutane, tana jiran su kau da kai. Sai ta ga babu wanda zai kau da kai, don babu wanda ya dube ta tun farko. Mai jiran bas na kallon hanya, 'yan mata na kallon waya, mai facin taya na kallon tayarsa. A hanyar dawowa ta ce ashe tsohuwa mai sanda ko banki ta shiga ta kwashe ba mai lura. Direba bai gane ko daɗi ta ji ko haushi ba, ya dai ga ta riƙe gwangwanin a zuciya, don da daddare ta sa shi ya sauko mata da tsohuwar robar maɓallanta na shago, wai abin musanya.

Daga nan aka shiga farauta. Sun samo na bayan ɗakin karatu, da na cikin kogon bishiya a filin wasan yara, da wani da aka yi wa fenti kamar dutse. Ko'ina ta bar maɓalli ɗaya mai kyau, ta rubuta Mai Yadi da hannunta. Ta tara zoben roba, da ƙaramar mota marar ƙafa ɗaya wadda ta ce ta Direba ce.

Sai ta sa ido a kan na gadar masu ƙafa, wadda ta haye layin dogo. Direba ya saci jiki ya riga ta zuwa dubawa, kamar yadda ya saba duba hanya kafin ya sa mota. A can sama ya same shi, ɗan gwangwani mai maganaɗisu, manne a ƙarƙashin ƙarfen dafawa. Ya tsaya ya dubi matakalar, doguwa, a miƙe kamar tsani. Shi kansa sai da gwiwarsa ta yi ƙara. Ya san matarsa: in ta zo ta kasa a gaban jama'a, ta koma kujerar nan ke nan, ko da injin ɗaga kaya za a ɗaga ta ba za ta sake fita ba. Ya ɓalle gwangwanin ya sauko da shi. A ƙasa babu ƙarfen da zai kama, duk siminti ne, sai ya kwantar da shi a wani rami bayan ginshiƙi, ya gyara masa zama, ya tafi gida yana jin kansa gwani.

Da safe suka zo. Ya bar ta tana zagaye da waya a hannu, shi yana kallon sama kamar mai duba hadari. Ta leƙa bayan ginshiƙin, ta tsaya. Ba ta taɓa komai ba, ta kira shi.

“Malam, zo ka ga ikon Allah. Gwangwani da waigi.”

Ya leƙa. Ga gwangwanin a kwance, ga ɗan dutse ta gaba, ga wani ta baya, an tokare shi tsaf kada ya gangara, yadda ake yi wa tayar babbar mota a kan tudu. Bai ma san ya yi ba. Hannunsa ne ya yi, hannun da ke sa wa tukunya waigi, da ƙofa, da keken jikoki.

Ya fara cewa ai direbobi suna da yawa a garin. Ta karanta masa bayanin da mai gwangwanin ya rubuta, cewa daga inda yake ana ganin rufin jirgi in ya wuce. Ta tambaye shi ko daga cikin ramin nan yake hango rufin jirgi. Ya sosa ƙeya.

“Tsoro na ji miki,” ya ce daga baya, a hankali.

“Na sani.” Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki gwangwanin, ta kaɗe masa ƙasa da gefen mayafi. “Amma abin mutane ne. Wani zai hau har sama ya tarar babu, ya ce Mai Yadi ce ta zo ƙarshe.”

Ya miƙa hannu ya ce bari ya mayar. Ta ƙulle gwangwanin a bakin mayafinta, ta ba shi sandar a maimakonsa, ta kama ƙarfen dafawa da hannun dama.

Ƙafar lafiya take fara ɗorawa, sannan ta tsaya, ta jawo ɗayar kamar mai lallashin yaro mai ƙiwa. Direba na bayanta da taki ɗaya, sanda a hammata, hannuwa a buɗe, bai taɓa ta ba don ya san abin da zai biyo baya. A tsakiya ƙafar ta maƙale a bakin matakala, ta yi baya kaɗan. Ta tsaya, ta ja numfashi, ta ce masa ya daina yi mata huci a wuya. Wani mai sauri ya ratsa ta gefensu da jaka. Ta sake ɗaga ƙafar, ta wuce.

Da suka kai sama ta jingina da ƙarfen, gumi na bin fuskarta. Ta kwance gwangwanin, ta sa maɓallinta, ta rubuta sunanta. Ta sa ya nuna mata ainihin wurin, ta manna shi da kanta, ya kama ƙarfen da 'yar ƙara. Ta daɗe tana kallon layin dogo da rufin gidaje har inda ido ya tsaya.

Direba ya zauna a matakalar ƙarshe. Ya share fuska da hula, ya share ido ma a ciki. Ya tambaye ta yadda za su yi da sauka.

“Ka huta tukuna,” ta ce, ta dafa kafaɗarsa. “In ka ji dama-dama sai in saukar da kai.”