Irin Doyar Malam Hachimou

Shekarar korona doya ta yi kyau a Pelebina, kusa da Jugu, sai dai masu saye daga Kwatano ba su zo ba. Malam Hachimou ya loda mota guda zuwa kasuwar Arzeke a Paraku, ta kwana tara a rana, rabi ya ruɓe. Ana cikin haka rediyo ya ce gwamnati za ta tallafa wa manoma.

Khalida, 'yarsa ta fari, ita ce ta yi jami'a a gidan, kuma ba ta saba a kayar da ita a kan takarda ba. Ta hau zemijan, babur ɗin haya, har ofishin tallafin, ta cika dosiye, wato takardun nema, cikin Faransancin da ya sa ma'aikacin ya ɗago kai. Ya ce komai ya yi, saura shaidar cewa gonar a hannunsu take. Sa hannun mai ƙasa ya isa.

Gonar ta aro ce. Kakan Khalida, bafataken goro da ya zauna a Jugu, shi ya roƙe ta wurin wani gida na ƙabilar Yom. Tun lokacin ba a dasa itace a cikinta, ba a rubuta komai a kanta. Duk shekara ana kai wa dattijon gidan doyar fari da goro, ya sa albarka.

Uban ya ce ta bar maganar, abin da aka ba ka da baki ba ka neman sa da alƙalami. Ta ce zamani ya wuce nan, layi biyu ne kawai. Ranar Laraba yana masallaci ta tafi.

Dattijon ya sa aka ba ta ruwa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ta karanta masa takardar, ta fassara da harshen Dendi. Ya daɗe yana kallon alƙalamin da ta miƙa.

“Ubanki ne ya aiko ki, 'yata?”

“A'a, Baba. Ni na zo.”

Ya ce to, ta gaida gida. Bai taɓa alƙalamin ba.

Bayan kwana shida 'ya'yan dattijon biyu suka zo Jugu. Suka ce tunda har takarda ta shiga zance, gara kowa ya san nasa. In an haƙe doyar bana, za su karɓi ƙasarsu. Malam Hachimou ya je da limami, ya koma da goro. Aka karɓi goron, maganar ba ta sake ba. Khalida ta koma ofishin sau uku, ta bayyana wa ma'aikacin yadda aron gona yake. Ya ce ya sani sarai, ubansa ma haka yake noma, amma na'ura ba ta karɓar dosiye babu shaida. Wa'adin neman tallafin ya cika.

Uban bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi. Da aka haƙe doyar ƙarshe ya ce ta kai irin doyar kasuwar Arzeke ta sayar, tunda babu inda za a shuka.

“Ba zan kai ba, Baba.”

Ta jera irin a bayan ɗakinta, ta rufe da ciyawa, tana zaga ƙauyuka da ƙafa tana gaida masu ƙasa don neman aron gona, ba ta riƙe da takarda. Labarinta ya riga ta isa ko'ina. Da ruwan fari ya sauka, irin ya fara tsiro, yana miƙa hannuwa jikin bangon siminti.