Ragar Malsun

"Inna, kin sake riƙe shi! Saki numfashin nan mana!"

Malsun ta tsaya a tsakiyar barandar asibitin, ta dafa bango, ƙirjinta na sama da ƙasa. Malama Hyeon, mai koyar da motsa jiki ga waɗanda ciwon huhu ya bari da haki, ta danna agogonta. Tafiyar minti shida aka sa ta, ko huɗu ba ta cika ba.

"'Yar nan, shekara arba'in ina riƙe numfashi ina ci da kaina. Yau ke za ki ce in saki?"

Gaskiyarta kuwa. Duk ƙauyensu na gaɓar tsibirin Jeju babu macen da ta kai ta zurfin nutso wajen ɗebo katantanwa a ƙasan teku. Amma sabo turken wawa: da zarar jikinta ya ji wuya sai ta kulle baki kamar tana ƙasan teku, abin da huhunta ba ya iya ɗauka yanzu. Wata biyar ke nan da cutar numfashi ta kwantar da ita kwana goma sha tara da robar iska a hanci. Tun daga nan take hawa bas sau biyu a mako, ta zo ta tuƙa keken da ba ya zuwa ko'ina.

"Yaushe zan koma zurfi?" ta tambaya da ta samu bakin magana.

"Inna, mu fara da matakalar gidanki tukuna."

"Ba matakala na tambaye ki ba."

Malama Hyeon ta sunkuyar da kai. "Huhun ya yi tabo. In kika dage za ki yi shara, ki je kasuwa da ƙafarki. Zurfi kam, ba zan yi miki ƙarya ba."

Daga tashar bas Malsun ba ta nufi gida ba, bakin teku ta gangara. Ta tarar da mata masu nutso suna saka baƙaƙen rigunansu na roba. Chunja, shugabarsu, wadda Malsun ce ta koya mata nutso, ta taso.

"Yaya, me suka ce?"

"Sun ce in gaishe ki. Miƙo min gorata."

"Ke da ko maganar nan da ƙyar kike ƙarasawa? Ba zan kai gawarki ga 'ya'yanki ba. In dole ne, ga tekun tsofaffi can."

Wato ɗan lungun nan mara zurfi da ake bar wa 'yan shekara tamanin.

"Ni? Da masu haƙoran roba?"

"To zauna ki yi mana gadin takalma."

Ta shiga tekun tsofaffin. Ta saki gorar da ke riƙe mata raga a saman ruwa, ta kifa kai ta nutse tana ƙirga a zuci. Da can sai ta wuce ɗari. A goma sha ɗaya ƙirjinta ya kama wuta, ta taso. Maimakon ɗan fiton sakin numfashi da masu nutso ke yi in sun fito, tari ne ya turnuƙe ta. Ta rungume gorar, kunya da baƙin ciki suka cika ta. Awa biyu tana wannan fama, katantanwa huɗu ta samu, su ma ƙanana.

Da yamma manyan masu nutso suka fito daga zurfi, ragoginsu shaƙe. Malsun na zaune kan dutse tana haki. Chunja ta biyo ta gabanta, ta zuba katantanwa hannu biyu a ragar Malsun, ta wuce ba tare da ta dube ta ba. Ta bayanta ma haka, har mata bakwai. Al'ada ce da ake yi wa 'yan koyo da tsofaffin da suka ƙare, kuma ba a mayarwa. Malsun ta fi kowa sani, don ita ta saba zubawa.

"Ruwa ya yi sanyi yau," in ji Chunja, tana kallon wani wajen.

"Ya yi."

Malsun ta tashi ta saɓa ragar a kafaɗa. Ta yi mata nauyi. Daga bakin ruwa zuwa inda ake auna kamu taku hamsin ne, sau uku tana tsayawa. Matan suka rage tafiya a bayanta, kowacce na gyara igiyar da ba ta kwance ba.